Ɗana Na Son Kumbo, Hajiya Ta Ce Shirme Ne

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a nan Makka, yarana biyu, namiji ɗan shekara 4 da ƙanwarsa mai shekara 2 da rabi. Ɗaki biyu da falo muke zaune a hawa na uku, tare da mahaifiyar maigidana. A watan Oktoba raudar su yaron, wato makarantar nazare, ta yi makon sararin samaniya, tun daga nan ba shi da zance sai kumbo da wata da 'yan sama jannati. Abla, wato malamarsu, ta ce kowane yaro ya kawo aikin hannu daga gida. Da na ga abin da sauran iyaye mata suke turowa a guruf ɗinmu na waya, sai na je maktaba, shagon kayan rubutu, na kashe kuɗi, na raba dare ina haɗa rana da duniyoyinta takwas yadda na gani a waya. Da safe kafin in fito daga kicin ya ciccire ƙwallayen yana wasa da su, ƙanwar har ta kai ɗaya baki. Na daka masa tsawa, na kuma make shi. Hajiya ta ce da ma shirme ne da ɓarnar kuɗi, zuwa wata ƙaryar Turawa ce, zane ma ba kyau, gara a zaunar da shi ya riƙe Ƙulhuwallahu. Maigida bai ce uffan ba. In na hana shi, waya yake ɗauka ya wuni a kai, ga zafi babu damar fita. Hausa ma ta fara gagararsa, sai Larabci. In bar abin ne, ko akwai yadda zan yi ba tare da na saɓa wa Hajiya ba?

Uwar yara biyu, Makka

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Kada ki bar abin. Irin wanda kika yi a daren nan ne kawai za ki bari, domin wannan aikinki ne, ba na yaron ba. Ya tashi da safe ya tarar da ƙwallaye masu launi a jere, babu wadda hannunsa ya taɓa, me kike so ɗan shekara 4 ya yi da ƙwallo in ba wasa ba? Ba raini ya yi miki ba. Zafin da kika ji na barcin da kika rasa ne da riyalolin da suka tafi, kuma duk uwa za ta gane. Ki jawo shi jiki ki rarrashe shi, ki ce masa jiya ranki ne ya ɓaci, yau ku zo ku yi wani tare. Yaro ba ya riƙo. Yi wa yaro aikin hannunsa kamar ki cinye masa tuwonsa ne ki ce ya ƙoshi. Abin da ake nema a wannan shekarun shi ne yatsunsa su saba da riƙe alli da almakashi, ya yaga, ya manna, ya murza, ya zaɓi launi da kansa. Wanda ya murza kwaɓi da yawa yau, shi ne gobe fensir ba ya ba shi wuya.

Hotunan guruf kuwa ki daina auna kanki da su. Duk ablar da ta ɗan jima tana fama da ƙananan yara, kallo ɗaya take yi ta san wanda uwa ta yi da tsakar dare da wanda yaro ya yi. In an sake neman aiki, ki kai wanda ya yi komai karkacewarsa, ki rubuta sunansa da kwanan wata a baya, ki tambaye shi mene ne wannan, ki rubuta amsar da kalmominsa. In ya ce baƙin dunƙulen nan kumbo ne Hajiya na ciki tana jan carbi, haka za ki rubuta.

Yanzu mu zo kan Hajiya, don a nan ƙullin yake. Maganganu huɗu ta yi, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Zancen ɓarnar kuɗi ta fi ki gaskiya, ki kuma gaya mata haka da bakinki: "Hajiya, kin yi gaskiya, kuɗin nan da ban kashe su ba." Babu abin da yake sassauta suruka kamar ta ji an karɓi maganarta a gaban ɗanta. Duk abin da zan faɗa miki a ƙasa, banda baƙar takarda da alli da almakashin yara mara tsini da ake samu a shagunan abu riyalen masu kayan araha, sauran daga kicin ɗinki da kwandon shara za su fito.

Zancen zane yana da amsa, sai dai ba daga bakinki ya kamata ta fito ba. Sanannen abu ne a wurin malamai cewa tsoratarwar da aka yi a kan surar abu mai rai ce. Wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya faɗa masa abin da ya ji daga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sannan ya ce masa in ya zama dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Rana da wata da taurari da kumbo duk cikin wannan suke. Maigida ne zai kawo wannan a hira, ko ya tambayi malamin da Hajiya ta yarda da shi ya dawo mata da amsa. Ke naki shi ne ki kiyaye mata iyakarta a cikin gidan ɗanta: kada a yi wa rana ido da baki yadda ake yi a littattafan yara. In yaro ya dage sai ɗan sama jannati, ai hular kwano ce a kansa, ki manna masa takardar gasdir, mai ƙyallin nan ta naɗe abinci, a wurin fuska, an wuce wurin. Wani abu da ita za ta lura da shi tun kafin ke: jaridun Larabci da takardun makaranta da kalanda ba sa rasa Bismillah ko aya ko sunan Allah. Kada ki shimfiɗa su a ƙasa ana zuba fenti ana takawa. Ledar sufra, wadda ake shimfiɗawa a ci abinci a kai, ta fi, in an gama a naɗe.

Ƙaryar Turawa kuwa, ki bar ta da ra'ayinta. Ba za ki canza shi ba, kuma ba kya buƙatar canza shi. Don sanin kanki, Amurkawa sun sauka a wata a Yulin 1969, kuma daga nan zuwa 1972 mutum 12 ne suka taka shi. Amma waɗanda ake nuna wa yara a rauda ba can suka je ba, abin da mutane da yawa ke haɗawa ke nan. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya tashi a kumbon Discovery a Yunin 1985, a ƙarshen Ramadan, ya yi mako guda yana zagaya duniya, shi ne Musulmi na farko da ya fita sararin samaniya. A Mayun 2023 Rayyana Barnawi, haifaffiyar Jidda mai bincike a kan ƙwayoyin halitta da sankarar mama, ta tafi tare da Ali Alƙarni zuwa tashar ƙasa da ƙasa da ke shawagi a sama, har suka yi gwaje-gwaje da 'yan makaranta na nan ƙasar suna kallonsu kai tsaye. Tashar nan nisanta daga ƙasa kimanin kilomita 400 ne, kusan tafiyar Makka zuwa Madina a mota. Wata kuwa yana can wajen kilomita 384,000. In wata rana an nuno Rayyana a talabijin, ki ƙara murya ki ci gaba da aikinki. Barnawi, sunan da ake kiran 'yan asalin Barno da shi, ba baƙon suna ba ne a unguwanninmu, Hajiya za ta yi tambayarta da kanta.

Ta huɗun, ta Ƙulhuwallahu, ita ce ƙofar da za ki shiga. Hajiya tsoro take ji kada a cika wa jikanta kai da abin da ba ta sani ba a bar wanda ta sani. To a gidan nan naku, wa ya kai ta sanin sama? Matar da ta tashi a inda ake kwana a tsakar gida da bazara, ta yi gaɗa a farin wata, ta san tsayuwar wata da idonta ba a waya ba, ta fi duk wani bidiyo da za ki kunna masa. Shawarata ita ce ku sauko daga duniyoyi takwas ɗin nan, waɗanda yaron bai taɓa gani ba kuma ba zai iya riƙe jerinsu da ma'ana ba, ku fara da wata, wanda yake iya nunawa da yatsa. Kuma ki miƙa wa Hajiya ragamar. Ki same ta ita kaɗai ki ce: "Hajiya, mijin nan naki ya dame ni da tambayar wata, ni kuwa ban san sunayen taurari ba, ko za ki taimake ni?" Tsakanin kaka da jika akwai wasa, abin da ba za ta yi don ke ba za ta yi don angonta.

Ga yadda za ku yi. Ki duba kalandar Ummul Ƙura, ta Hijira da ake bi a nan Saudiyya, ki san ranar da wata zai kama. Ki samo baƙar takarda babba, ki ja mata gidaje 15 da alli, ki manna a bango daidai tsayinsa. Daren farko ba lallai ku ga komai ba, jinjirin siriri ne kuma yana ƙasa-ƙasa, ga duwatsun Makka da benaye sun tare yamma. Daga dare na biyu ko na uku, bayan an idar da magariba, a kai shi taga ko saman bene ya nemo shi da kansa ta inda rana ta faɗi. Kada ki nuna masa, ki bari ya yi ta waige har ya gano. Hajiya ta biya masa addu'ar ganin jinjirin wata, Allahumma ahillahu alaina bil amni wal iman, ko kalma biyu ya kama sun isa. A dawo ciki, ya ɗauki farin alli ya zana abin da ya gani a gidan wannan ranar. Zai fito a karkace, wata ran ya yi kama da ayaba, wata ran ya cika gida biyu. Kada ki gyara. Duk abin minti goma ne. Wajen dare na bakwai zai ga rabi, kuma ya tarar da shi can sama, ba inda ya bar shi ba. Daren 14 ko 15 sai ya juya gabas ya gan shi ya fito cikakke lokacin da rana ke faɗuwa, kwanakin da mai yiwuwa Hajiya tana azumin fararen kwanaki. Ranar nan ki tsaya da shi gaban takardar ya bi gidajen da yatsa tun daga na farko. Ba ki yi masa bayanin komai ba, amma ya gano da idonsa cewa wata yana girma a jere, ba da ka ba.

Na ce gidaje 15 ne da dalili. Bayan ya cika, kullum wata yana jinkirta fitowa da kusan minti 50, kafin mako ya zagayo sai yaro ya yi barci yake fitowa. Kada ki hana shi barci don wannan. Da safe a hanyar rauda ku duba yamma, za ku gan shi fari fat a sama da rana tsaka, yana raguwa. Yara kan yi mamakin wannan ƙwarai, don a tunaninsu wata na dare ne kawai.

A nan ne karatun da Hajiya ke so zai shigo ba tare da an ja shi ba. A Suratu Yunus, aya ta 5, an ambaci yadda aka sanya wa wata masaukai don mutane su san ƙidayar shekaru da lissafi. A Yasin, aya ta 39, an ce yana bin masaukan nan har ya koma kamar tsohon sandan da nonon dabino ke rataye a jiki. Mu da muke ƙasar dabino, wannan ba sai an ba yaro labari ba. Maigida ya samo busasshe guda a wurin masu dabino ko inda ake sassabe itatuwan bakin titi, siriri ne, rawaya, a lanƙwashe. A miƙa wa yaro ya riƙe, ya ɗora shi kusa da jinjirin da ya zana. Sai kuma labarin Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Suratul An'am, da ya dubi tauraro da wata da rana ya ga kowanne yana faɗuwa. Wannan ki bar wa Hajiya ta ba shi da bakinta.

Sunayen taurari ma nata ne. Ta nuna masa Zara matar wata, mai hasken nan da ke bayyana a yamma bayan magariba a wasu watanni, wasu watannin kuma ta ɓace. A rauda za su ce masa Zuhura, kuma duniya ce irin tamu mai zagaya rana. Masana sun ce ita ce dai take komawa ta fito da asuba a kira ta gamzaki, amma wannan ba sai kin kai wa Hajiya ba, rigima ɗaya ta isa. Akwai kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, tana fitowa da farkon dare a watannin sanyi, mai ido sosai yakan ƙirga shida ko bakwai. In ta ba shi labarinta, ki kawo kofin takarda, ke ki huda gindinsa da tsinken sakace a cunkushe yadda ta kwatanta, a kashe fitila, ya sa tocila a ciki ya haska rufin ɗaki. Da zarar ya gane cewa hujin ne ke zama tauraro, zai so kofi goma.

Sauran ayyukan ba sa buƙatar dogon bayani. Ki zana taurari da farin kyandir a farar takarda ba tare da ya gani ba, ki ba shi soso da ruwan fenti mai duhu ya shafe, taurarin su yi ta ɓullowa saboda kakin ba ya shan ruwa. Daga baya shi zai riƙa zanawa ya ba ƙanwarsa ta shafe. Tsohon buroshin haƙori da farin fenti, a karta shi da yatsa a kan baƙar takarda, ya ba ki sama cike da taurari, amma wannan a banɗaki za a yi shi, in ba haka ba mai gidan haya zai ga taurari a bangonsa. Launi ma ba sai na saye ba: ruwan zoɓo mai kauri, kurkum, ragowar lalle. Da karin kumallo ki ba shi gurasa zagayayya ya yi bismillah ya gutsura har ta zama rabi, ya ci gaba har ta zama jinjiri, sannan ya cinye. Tunda ciki ta tafi, ba a yi wasa da abinci ba.

Wanda na fi so shi ne ramukan wata. Ki zuba yashi a faranti mai faɗi ki baje, ya tsaya ya saki dutse daga sama. Ya ɗauke dutsen ya ga rami. Ya sake da babba, ya sake daga kan kujera, ya ga ramin ya ƙara faɗi. Haka aka yi ramukan da ke fuskar wata: duwatsu ne daga sarari suka yi ta faɗa masa, kuma da yake babu iska babu ruwan sama a can, ba abin da ke share su. In ya gama sai ki ce ya hura yashin a hankali ko ya yayyafa ruwa, ya ga ramin ya baje. Daga nan a yi wata na ajiyewa: fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, ruwa kaɗan-kaɗan har ya kwaɓu. In kina da fulawar da ta yi ƙwari, ita za ki sa, kin rufe bakin zancen almubazzaranci. Ya mulmula, ya danne da tafi, ya bubbuga masa ramuka da murafen robar ruwa manya da ƙanana, a ajiye a taga. Zafin Makka zai busar da shi ba sai an kunna murhu ba. Ki lura da Hajiya a wannan lokacin. Wadda ta yi ginin laka tana yarinya, 'yan'uwanta maza suna ƙera motar kara, da wuya ta ga kwaɓi a gabanta hannunta bai kai ba.

Sai kumbon da yake ta kuka a kai. Ki roƙi haris, wato maigadin gidanku, ko mai kantin unguwa su ajiye miki babban kwali, irin na na'urar sanyaya ɗaki ko na injin wanki. Ke ki yanka ƙofa da taga zagayayya da wuƙa lokacin da ba sa kusa, daga nan ki janye hannunki. Shi zai manna murafen roba su zama maɓallai, ya liƙa gasdir inda ya ga dama, ya yi rubutun da shi kaɗai ya san ma'anarsa. Kada a gama a rana ɗaya, kwalin ya yi mako biyu a lungun falo ana ƙara masa kaya. Sharaɗi ɗaya za ki kafa: kumbon nan ba ya tashi sai an yi masa ƙirge da Hausa. Goma, tara, takwas, har zuwa ɗaya, sannan a ce tashi! Da farko daga biyar zai iya, ba laifi. Maɓallan ma suna da suna, ja na tashi, shuɗi na sauka, kore na kiran Hajiya ta waya daga sama. Ita kuma ba ta amsa kiran da aka yi da Larabci. Larabcinsa ba abin damuwa ba ne, rauda da titi sun ɗauke miki wannan. Hausar ce ba ta da kowa sai ku uku a gidan, kuma yaro ya fi riƙe harshen da ya yi dariya a cikinsa. In ya tambaye ki yadda suke kwana a can, ki ce a cikin jaka suke shiga a ɗaure ta a bango don kada su yi ta yawo, kuma tasharsu tana zagaye duniya duk bayan kusan minti 90, saboda haka sau 16 rana take fito musu a kwana ɗaya. Ki shirya, tambayar da za ta biyo baya ita ce sallar asuba nawa suke yi, wannan kuma ki tura shi wurin Abbansa.

Ƙaramar ita ce abin kula na gaske, kuma a nan ba na wasa. Duk abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin tsakiyar tishu zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba: ƙwallayen soso irin waɗanda kika saya, duwatsun ado, murafen roba, ƙwallon dabino, fasasshen balam-balam. Aikin da ke da irin waɗannan a yi shi tana barci, a kuma ƙirga su kafin da bayan. Kwaɓin gishiri kada ta ci, gishirin ya yi wa cikinta yawa. Ƙyalƙyali na gari ki bar shi a shago, ido yake shiga. Mafi haɗari duka shi ne ƙaramin batir mai kama da maɓalli, wanda ke cikin ƙananan tocila da fitilun wasa na Ramadan. In yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu, ba a jira a ga alama, asibiti ake nufa nan take ko a kira motar asibiti a 997. Nata aikin mai sauƙi ne: babban kwali a manne a bango, alli mai kauri, da zabadi, wato yogot, da aka ɗiga wa zoɓo ta dangwala da hannu. In ta lasa ba komai. Saman bene kuma ba a hawa da su sai da babba ga kowane yaro, hannu cikin hannu.

Wayar ba za ta tafi da faɗa ba, gurbinta ake cikewa. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ta ce yaro daga shekara 2 zuwa 4 kada zaman kallonsa ya wuce awa ɗaya a wuni, in ya gaza haka ya fi. Ki sa masa lokaci sananne, misali bayan la'asar, ku kalli gajeren bidiyon tashin kumbo tare, sannan a kashe a shiga na kwali. Kada ki sa ran zai zauna kan aiki ɗaya fiye da rubu'in awa. In ya tashi ya bar shi rabi, an gama ke nan na yau.

Shirun maigida ba lallai rashin kula ba ne, namiji tsakanin uwarsa da matarsa yakan zaɓi shiru. Kada ki nemi ya yanke hukunci, aiki za ki ba shi. A cikin Makka fitilu sun cinye taurari, wata da Zara da 'yan kaɗan masu haske sosai ne suke tsira. A saman hasumiyar agogo da ke kusa da Harami akwai gidan kallo da aka keɓe wa rana da wata da lissafin lokaci, amma da kuɗin shiga, kuma ya fi dacewa da yaron da ya fara karatu, ba ya guduwa. Abin da ya fi muku yanzu shi ne wani daren Juma'a tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a ƙarshen wata ko farkonsa lokacin da babu farin wata, Abbansu ya ɗebe ku har da Hajiya ku fita bayan gari, ko ku hau dutsen Hada wajen Ɗa'if, ku sami inda ba fitila ku shimfiɗa darduma. Ku tafi da rigunan sanyi da shayi, can ba Makka ba ne. A kashe fitilar mota da wayoyi, a ba ido kamar minti 20 ya saba da duhu, sannan Hajiya ta nemo musu kazarta.

Ki kuma koya masa tun yanzu cewa wata ana kallonsa, rana ba a kallonta, ko ta cikin gilashi ko ta tsakanin yatsu. Dalilin gaggawar shi ne masu lissafin falaki sun ce ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi cikakken kusufin rana da zai bi ta kan Jidda da Makka da rana tsaka, gari ya yi duhu na 'yan mintuna. In Allah ya kai mu, yaron da ya saba ɗaga kai zai so ya kalla, kuma baƙin tabarau na kasuwa ba ya kare ido, sai wanda aka yi musamman don kusufi. Wannan sayayyar ki ɗora wa Abbansu ita tun da wuri, ki kuma faɗa a gaban Hajiya, kada ranar ta zo ya ce ba wanda ya gaya masa.